Keke a gareji kafin asuba: sharhina kan Wahoo Kickr Core

Duk wanda ya shiga harkar tirayatilon, gasar da ake haɗa iyo da tseren keke da gudu a jere, zai gaya maka keke ne ke cinye lokaci. A tazarar Olamfik iyo kilomita 1.5 ne, gudu kilomita 10, keke kuwa kilomita 40, kuma atisayensa ba a yin sa a gurguje. Ni a Leeds nake zaune, a arewacin Ingila, da mata da ƙananan yara, aikina na ofis ne daga safe zuwa yamma. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa nan sai wajen 8:20, kafin ƙarfe huɗu kuma ta faɗi. Da duhu ake tafiya aiki, da duhu ake dawowa. Abin da ya rage wa keke sai Asabar da Lahadi, su kuma ranakun nan yara sun riga sun kama su: Islamiyya, cefane, ziyarar 'yan uwa. Dalilin da ya sa na sayi Kickr Core ke nan, kuma na yi hunturu guda a kanta.

Na'ura ce da ake ɗaura keke a jikinta don a yi atisaye a cikin gida, ana tuƙa feda a wuri ɗaya. Za ka cire tayar baya, ka sarƙafa sarƙar kekenka a kan firwil ɗin da aka ɗaura wa na'urar, ka jona ta da wuta, shi ke nan. Wadda na saya ba ta zo da firwil ba, daban na saya daidai da yawan giyar kekena, don haka a duba wannan kafin a biya kuɗi. Nauyinta ya kai kilo 18, wato ba abin da za ka riƙa jigila da shi kullum daga ɗaki zuwa ɗaki ba ne, a nema mata mazauni. Tana haɗuwa da waya ko kwamfuta ta Bluetooth. Kamfanin Wahoo da ya ƙera ta ya ce tana ɗaukar ƙarfi har wat 1,800 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke sa wa feda), tana kuma kwaikwayon hawan tudu har kashi 16 cikin ɗari. Wat 1,800 ɗin nan ado ne kawai ga irinmu, ƙafata ba ta taɓa jin ƙamshinsa ba.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne tsarin da ake kira ERG. Idan jadawalinka ya ce ka riƙe wat 200 na minti goma, na'urar ce za ta daidaita nauyin feda da kanta. Ka sassauta juyi ta ƙara nauyi, ka ƙara sauri ta rage, lambar dai tana nan inda aka ajiye ta. Da ƙarfe biyar na dare, lokacin da kai bai gama farkawa ba, wannan babban sauƙi ne: ba tunanin giya, ba fitilar ba da hannu, ba gangaren da za ka saki feda ka huta. Awa ɗaya a kanta aiki ne tsantsa, ba kamar awa ɗaya a cikin gari ba inda ake ta tsaye-tsaye. Sai dai tsarin ba shi da tausayi. Ranar da ƙafa ta gaji ka bari juyi ya yi ƙasa sosai, nauyin zai ta ƙaruwa har feda ta ƙi motsi. A irin wannan rana gara ka rage lambar tun da wuri.

Ƙara ita ce abin da maiɗakina ta fara tambaya, domin gidanmu bango ɗaya muke da maƙwabta, ɗakin yara kuma yana kusa da gareji. Na'urar kanta ba ta da hayaniya. Abin da ake ji ƙarar sarƙa ce da canjin giya, sai fanka. Na shimfiɗa mata tabarmar roba mai kauri, ina kuma wanke sarƙa in sa mata mai. Tun daga nan ba wanda ya tashi daga barci saboda ita.

Fankar nan kuwa dole ce, ko da ƙanƙara ta kwanta a waje. Babu iskar da ke dukanka kamar a kan titi, cikin minti goma zufa za ta fara ɗiga a kan sitiyari, gishirinta kuma yana cin ƙarfe. Tawul a kan keke, fanka a gaba, gorar ruwa a gefe.

Ga inda hunturun ƙasar nan ya yi wa Musulmi rana. A tsakiyar sanyi alfijir ba ya ketowa sai bayan ƙarfe shida, saboda haka akwai sarari mai kyau kafin sallah. In tashi biyar saura, in hau keke, in sauka in yi wanka, in yi asuba a kan lokaci, sannan in tashi yara in haɗa musu karin kumallo. Kafin su buɗe ido na gama nawa. A watan Yuni lissafin nan ba ya yiwuwa, don rana na fitowa kafin ƙarfe biyar, amma a lokacin titi ya bushe, gari da haske har dare, na'urar ma ta samu hutu.

Da manhajar Zwift nake amfani da ita, wadda ake biya wata-wata, fam 17.99 lokacin da na yi rajista. A sa wannan cikin lissafi, don kuɗi ne da ba ya yankewa. Tana nuna ka a kan keke cikin taswira tare da mutane na gaske, idan hanya ta hau tudu sai feda ta yi nauyi. Akwai taswirar Yorkshire da aka gina a kan zagayen Harrogate, inda aka yi gasar tseren keke ta duniya a 2019, garin da ke nan arewa da mu kaɗan. Akwai kuma Alpe du Zwift mai kwana 21, kwaikwayon hawan dutsen Alpe d'Huez na Faransa. Ka shiga da biyar na dare kana ganin kai gwanin sammako ne, sai ka tarar da tutocin Japan da Ostareliya sun cika hanya. In ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Gargaɗina a nan shi ne tsere: da wani ya wuce ka zuciya za ta ce bi shi, ranar da aka tsara don hutu ta koma ranar wahala.

Gudu kuma yana nan a waje, na'urar ba ta da abin da za ta yi maka a kai. Abin da ta sauƙaƙa shi ne atisayen sauka daga keke a kama gudu nan take, wanda shi ne asalin wuyar gasar, saboda ƙafa takan yi kamar ta aro a kilomita ta farko. Takalma na ajiye a bakin ƙofa, amma riga ba a fita da jiƙaƙƙiya, a canja busasshiya, a sa hular sanyi da safar hannu da fitilar goshi da riga mai ɗaukar ido. Jiki ya riga ya ɗumama, sanyin bai cika cizo ba. Abin tsoro shi ne siririyar ƙanƙarar da ke kwanciya a kan kwalta ba a ganin ta. Ina bin gefen manyan tituna masu fitila, ina guje wa hanyar bakin ruwa da duhu. Safiyar da na ga gilashin mota ya daskare, gudu ya koma hutun rana a wurin aiki, ko Asabar a parkrun na Woodhouse Moor, kilomita 5 kyauta da ƙarfe tara, inda yara ma ke iya zuwa. Iyo kuwa sai lokacin da aka buɗe wurin iyon, ba ruwansa da jadawalinka.

Kada wani ya ɗauka na'urar ta ƙara mini awa a yini. Daga barci aka yanko awar nan, kuma sai an biya ta da dare. Tashin biyar saura na nufin kwanciya kafin goma, alhali lokacin ne yara suka yi barci, mata da miji ke samun zama. Wani dare ina gyangyaɗi a kujera maiɗakina ta ce, “Maigida, keken dai ya bar mana Asabar, amma ya ɗauke mana hira.” Gaskiyarta. Muka yi yarjejeniya: sammako ba kullum ba, daren Juma'a na gida ne, daren da yaro ya kwana da zazzaɓi kuma babu keke da safe, komai abin da jadawali ya ce.

Akwai abin da gareji ba ya koyarwa. Shan kwana, kama birki a gangare, iskar da ke dukan mutum ta gefe a tsaunukan Yorkshire, ɗaukar gora kana tafe. Tudun da Alistair Brownlee, mai zinaren tirayatilon a Olamfik na 2012 da 2016, ya taso yana hawa da ƙaninsa Jonny, ba allo ne zai ba ka su ba. Da na koma titi a watan Maris ƙafa na da ƙarfi, hannu ne ya yi tsatsa, sai da na yi 'yan fita kafin na saki jiki a gangare.

Mai iyali da ke ƙasar sanyi, yana da keken tsere da ɗan lungun da zai ajiye ta, yana kuma da gasa a gabansa, zai ci moriyar kuɗinsa. Wanda ke zaune a saman bene ya fara tunanin na ƙasa da shi, don girgiza na bin daɓe. Wanda kuma bai tabbatar zai iya tashi ba, ya gwada wata guda yana fita gudu kafin asuba tukuna, sannan ya je sayayya.