Gyaran tsohuwar Tektronix 465 a Garwa

Duk mai tsohuwar na'urar awo da hanya ta illata, akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin kusa da babbar kasuwar Garwa a Kamaru da zan iya tura shi wurinsa, sai dai ya tafi da guzurin haƙuri.

Tawa osiloskof ce, wato na'urar da ke zana siginar lantarki a allo, Tektronix 465, ƙirar Amurka da ta fara fitowa a 1972, mai layi biyu, tana auna sigina mai saurin da ya kai megahaz 100. Daga Duwala aka ɗoro ta zuwa arewa cikin kwali ɗaya tal, ko soso babu. Ta iso maɓalli ɗaya a karye, ƙafafun baya sun farfashe, wani abu yana ƙara a ciki in an girgiza.

Abin da ya saye ni shi ne ƙin jona ta da wuta da ya yi. Da na matsa, sai ya ce, "Ɗana, wutar can ba irin tamu ba ce." Ashe makunnin zaɓin wuta yana kan volt 115, mu kuwa 220 muke sha. Ya mayar da shi 230, ya sauya fis, sannan ya buɗe ta ya haska wuyan kwalbar allon da tocila. Nan ne ran na'urar. In ya tsage iska ta shiga, magana ta ƙare, don ba a samun irinsa a nan. Allah ya sa lafiya lau yake, mai ƙarar kuma ƙusa ce ta kwance.

Duk da haka allon bai kawo ba. Ya bi layukan wuta da mita har ya gano wata kafasitar tantalum ('yar aba mai ajiye caji) da ta haɗe, ciwon tsufa da aka san waɗannan na'urori da shi. Ya goge haƙoran makunnai da 'yar takarda mai sifirit, bai fesa musu komai ba. Da ya gwada da siginar jikinta ta kilohaz 1, zane ya fito tsaf.

Amma fa Baba ba ya ɗaga waya, aikin kuma ya ja lokaci. Maɓallin da ya sa na wani tsohon rediyo ne, muni kam ba a magana. Ya kuma faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa ba shi da kayan daidaita ta har megahaz 100. Ni inbatar sola nake gyarawa, wannan bai hana ni aiki ba. Mai aikin na'urar watsa shirye-shirye kuwa sai ya nemi inda za a daidaita masa.