Gyara ko sabuntawa: wanne ya dace da tsohon piyano?

Malam, ka ce ka gaji piyano mai tsaye wanda ya haura shekara 80, wasu maɓallansa suna maƙalewa, kuma ko an saita masa murya ba ya wata biyu sai ta sake karkacewa, sannan ka tambaya ko gyara ya ishe shi ko kuwa sai an sabunta shi gaba ɗaya. Waɗannan ayyuka biyu sun sha bamban ƙwarai, kuma abin da zai raba maka gardama yana cikin akwatin, inda ido ba ya kaiwa sai an cire murfi.

Gyara shi ne a bar wa piyano ƙashin bayansa, a taɓa abin da ya gaji kawai. Mai gyara zai fitar da jerin 'yan gudumomi masu kan ulu da ke bugun wayoyi idan an danna maɓalli, ya goge musu kwarmin da wayoyi suka yi musu saboda yawan bugu, ya sauya ƙyallen da asu ya cinye a ƙarƙashin maɓallai, ya daidaita nisan kowace guduma da wayarta, sannan ya maye gurbin wayar da ta tsinke. Maƙalewar maɓallai da ka ambata galibi a nan take ƙarewa, domin sau da yawa laima ce ta kumbura katako ko ƙyallen da ke cikin ramin maɓalli, wani lokaci ma fensir ne ko kwabo ya faɗa ciki shekaru da suka wuce. Aiki ne na 'yan kwanaki, kuma yawancinsa a cikin gida ake yi.

Sabuntawa kuwa ɗaukar piyano ake yi zuwa ma'aikata a wargaza shi. A kwance wayoyi duka, waɗanda yawansu ya kai kimanin 230 ga maɓallai 88, a ɗaga firam ɗin ƙarfe, a sauya katakon da ƙusoshin ɗaure waya suke ciki, a ɗinke tsagar allon amo (faifan katakon da ke ƙara wa wayoyi sauti) ko a yi sabo, a sa sababbin wayoyi da gudumomi, sannan a sake fenti. Watanni ake yi, kuma kuɗin ya ninka na gyara sau da yawa.

Matsalarka ta biyu, wato rashin riƙe murya, ita ce abin dubawa da kyau. Wayoyin piyano gaba ɗaya suna ja da ƙarfin da ya kai tan 18 zuwa 20, kuma kowace waya a naɗe take a jikin ƙusa da aka kafa cikin katako mai tauri wanda aka manna falle-falle. Ba zare ba ne ke riƙe ƙusar kamar na noti, matsewar katakon ce kaɗai. Idan mai saiti ya ɗora makullinsa a kan ƙusa ya ji tana juyawa ba tare da turjiya ba, ko ya saki hannu ya ga ta koma baya da kanta, to ramin ya buɗe. In ƙusoshi kaɗan ne a warwatse, gyara zai iya: a sa masu ɗan kauri, ko a ɗiga gam mai ruwa-ruwa a gindinsu domin katakon ya sake kamawa. Amma in ƙusoshin da suka saki a jere suke a layi ɗaya, wannan alama ce ta cewa katakon ya tsage ta ciki, kuma cusa masa ƙusa mai kauri ƙara buɗe tsagar zai yi. A nan gyara ya kai iyakarsa. Abin takaici kuma shi ne, sauya wannan katako a piyano mai tsaye ya fi wuya nesa da na mai kwance, saboda a manne yake da ginshiƙan baya.

Allon amo, wato siririn faifan katako da ke bayan wayoyi yana ƙara musu sauti, mutane sun fi tsorata da shi fiye da kima. Tsaga a jikinsa ba ta kashe piyano muddin haƙarƙarin da ke bayansa yana manne kuma ba ya zuza idan an buga. Firam ɗin ƙarfe ne ba a wasa da shi. Tun da maƙerin piyano Alpheus Babcock ya yi rajistar firam na zubin ƙarfe guda a Boston a 1825, firam ɗin ne ke ɗaukar nauyin jan wayoyi, kuma in ya tsage, walda ba kasafai take riƙe irin wannan ƙarfe ba. Ni dai in na ga tsaga a firam, ba na ba da shawarar ko ɗaya daga cikin ayyukan biyu.

Sai batun ƙira. Ka buɗe murfin sama ka leƙa. In ka ga wayoyi masu kauri, waɗanda aka naɗe da jan ƙarfe, sun gitta ta kan sauran a karkace, wannan ita ce ƙirar da ta yaɗu bayan kamfanin Steinway ya yi mata rajista a piyano mai kwance a 1859, kuma har yau ita ake bi. In kuwa wayoyin duk a miƙe suke, ga kuma wasu siraran ƙarafa a gaban gudumomi kamar kejin tsuntsu, to tsohuwar ƙira ce da aka yi da yawa a Ingila, wadda masu gyara da dama ke gudu, kuma irinta ba lallai ta jure a ja ta zuwa tsayin muryar da ake saita piyano a kai yanzu ba. Lambar da aka buga a jikin firam, tare da sunan kamfani, za ta nuna shekarar ƙira.

Ta fuskar kuɗi, gaskiyar da masu sayarwa ba su cika faɗa ba ita ce tsufa ba ya ƙara wa piyano daraja. Sabunta mai kwance na kamfani irin Steinway, Bechstein ko Blüthner yana iya mayar da kuɗinsa, amma mai tsaye na gama-gari, abin da za ka kashe zai wuce abin da za a saye shi. Wanda ya yi hakan don tunawa da mai shi ya yi, ba don riba ba, kuma wannan dalili ne da ba zan raina ba. Akwai kuma abin da sabuntawa ke tafiya da shi: sababbin gudumomi da wayoyi sukan sauya muryar da kunnenka ya saba da ita. In maɓallan na hauren giwa ne, a goge su a bar su, domin an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, madadinsa sai roba.

Shawarata ita ce ka kira mai saiti wanda ba shi da piyano na sayarwa, ka biya shi ladan dubawa kawai, ya gwada ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya haska firam da allon amo. In ƙusoshin sun riƙe, a yi gyara, a ja muryar sama a zama biyu ko uku don kada tsofaffin wayoyi su tsinke, sannan ka janye shi daga taga da hasken rana, ka ajiye shi a ɗakin da laimarsa ke tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari.