Sharhi kan darussan lilon sama da na ɗauka a Landan

Tun farkon lokacin zafin bana nake zuwa wata ƙaramar makarantar koyon lilon sama, wasan da Turawa ke kira tirafiz, wadda ke kafa kayanta a cikin wani wurin shaƙatawa a birnin Landan. Yanzu da suka fara shirin kwance ƙarafunansu kafin sanyi ya shigo, na ga ya dace in rubuta abin da na gani domin amfanin duk wanda ke tunanin sa kuɗinsa da jikinsa a wannan wasa. Makarantar ta san aikinta, musamman wajen kula da lafiyar ɗalibi da kuma darasin farko, amma an tsara ta ne domin mazaunin gari wanda zai iya zuwa kowane mako, kuma wanda aiki ke yawan fitar da shi ƙasashe, kamar ni, zai biya kuɗi mai yawa kafin ya ga ci gaba kaɗan.

Kayan wasan dogayen ƙarafuna ne da aka kafa aka ɗaure da wayoyi, da dandamali ɗan siriri a sama wanda tsayinsa daga ƙasa ya kai kimanin mita 7, da sandar lilo da ke rataye a gabansa, da wata sandar a can ɗaya gefen domin mai cafewa, wato malamin da ke kama ɗalibi a iska, sannan raga mai faɗi a shimfiɗe a ƙarƙashinsu duka. Darasi yana ɗaukar awa biyu, ɗalibai kuma sukan kai goma. Kafin kowa ya taka tsani sai an ɗaura masa ɗamara mai kauri a ƙugu, an matse ta har numfashi ya ɗan yi wuya, kuma a jikinta ake maƙala igiyoyi biyu waɗanda suka bi ta saman ƙarafunan suka sauko hannun malamin da ke tsaye a ƙasa. Wannan malami shi ne yake rage saurin faɗuwar ɗalibi, shi ne kuma yake kiran umarni. Ban taɓa ganin sun bar wani ya hau tsani ba tare da an maƙala masa igiya ba, ko da kuwa tsohon ɗalibi ne da ya saba, kuma duk lokacin da iska ta yi ƙarfi ko ruwa ya sauko sukan dakatar da darasi ba tare da jayayya ba. A wannan fanni ba ni da abin da zan ce sai yabo.

Abin da ya fi ba mutum tsoro yana faruwa ne a kan dandamalin, kafin a fara lilon. Malamar da ke sama takan riƙe ɗamararka ta baya, ta ce ka tura yatsun ƙafarka su wuce bakin katakon, ka miƙe, ka tura ƙugunka gaba zuwa sararin da babu komai a cikinsa. Sai ta jawo sandar da ƙugiya ta miƙo maka, ka kama da hannun dama, a nan ne za ka ji ta fi yadda ka zata nauyi, tana janka gaba. Daga nan sai ta ce ka saki ƙarfen da hannun hagunka ke riƙe da shi, alhali duk jikinka yana gaya maka kada ka saki. Ta faɗa mini cikin natsuwa cewa ita ce ke riƙe da ni, in bar mata nauyina, kuma ba ta gaggauta ni ba, ba ta kuma yi mini dariya ba. Malamin ƙasa ya ce in shirya, na lanƙwasa gwiwa, ya ce "hep", na yi ɗan tsalle, dandamalin ya ɓace daga ƙarƙashina.

Darasin farko an gina shi da hikima sosai. Ana koya wa ɗalibi ya ɗaga ƙafafunsa ya rataya bayan gwiwoyinsa a kan sandar, ya saki hannu, ya yi ƙasa da kai yana miƙa hannuwa gaba, sannan ya dawo ya kama sandar, ya sauka cikin raga da alkafura ta baya. Wanda ya ji wannan bayani zai ɗauka sai mai ƙarfin damtse ne zai iya, amma na ga dattijuwa mai furfura ta yi shi sumul, na kuma ga saurayi mai ƙirar 'yan dambe ya kasa. Dalilin kuwa shi ne a ƙarshen kowane lilo akwai ɗan lokacin da jiki ke tsayawa cak kafin ya juyo, nauyinsa ya zama kamar babu, kuma a daidai wannan lokaci ne malamin ke kiran umarni. Wanda ya bi kiran nan take zai ji ƙafafunsa sun hau da kansu. Wanda ya tsaya shawara da zuciyarsa, ko na ƙiftawar ido ne, zai tarar lilon ya fara gangarowa, nauyinsa ya dawo har da ƙari, sai ya shiga kokawa da sandar. Shi ya sa malaman ke yawan cewa kada ka yi tunani, ka saurara kawai, kuma a ganina wannan ne ainihin abin da makarantar ke sayarwa, wato kunnen da ya koyi bin umarni a kan lokaci.

A ƙarshen darasin ne mai cafewa ke hawa sandarsa, ya rataye da ƙafafu kansa a ƙasa, ya fara lilo, kuma shi ne ke ƙayyade lokacin da za a sake ɗalibi daga dandamali domin lilon biyu su haɗu a tsakiya. An gargaɗe mu cewa kada mu kai hannu mu cafko shi, aikinmu shi ne mu miƙa hannuwa a shafe da alli mu jira. Ranar da aka fara cafe ni, abin da na fi tunawa shi ne ƙarar tafin hannunsa a kan wuyan hannuna, da farin allin da ya tashi tsakaninmu, da fuskarsa a juye tana cewa in saki ƙafafu. Na daɗe ban ji farin ciki irin na wannan rana ba.

Inda matsalata take shi ne bayan wannan mataki. Kuɗin darasi ɗaya ya kusa abin da ake biya na wata guda a wasu gidajen motsa jiki na birnin, amma idan aka raba awa biyu ga mutum goma, kowane hawa kuma bai kai minti ɗaya ba, za a ga cewa mafi yawan lokacin a zaune ake cinye shi ana kallon wasu. Kallon yana da amfaninsa, ban musa ba, sai dai makarantar ba ta tanadi wata sanda a ƙasa da malami na musamman da zai riƙa horar da masu jira ba, kuma wannan asara ce da za a iya gyarawa cikin sauƙi. Sannan mataki na gaba, wato koyon yadda mutum zai ƙara wa lilonsa tsayi da motsin jikinsa, abu ne da ke buƙatar maimaici a kai a kai. Duk lokacin da aiki ya fitar da ni na yi makonni ban zo ba, nakan dawo in tarar kantar tafin hannuna ta yi laushi, fatar ta sake yagewa, kafaɗuna sun yi tsami, kunnen nan kuma ya koma jinkiri. Tikitin darussa da yawa da na saya a kan rangwame yana da wa'adi, kuma da na nemi a tsawaita mini saboda tafiya, an amsa mini cikin ladabi cewa ƙa'ida ba ta yarda ba, ko da yake idan su ne suka soke darasi saboda ruwan sama sukan mayar da shi. Haka nan malamai suna canzawa daga rana zuwa rana, babu kuma wani rubutaccen bayani kan inda kowane ɗalibi ya tsaya, don haka sau da yawa sai na sake bayyana kaina daga farko.

Tafiye-tafiyen sun rage mini horo, amma sun ba ni lokacin karatu, domin a jirgi da ɗakunan otal na karanta tarihin wannan wasa. Wani Bafaranshe ne ɗan birnin Tulus, Jules Léotard, ya ƙirƙiro shi, kuma ya yi atisayensa ne a saman tafkin ninƙaya na mahaifinsa, inda ruwa ya zame masa abin da raga ta zame mana yau. A ranar 12 ga Nuwamba 1859 ya fara nuna shi a bainar jama'a a birnin Faris, yana tsalle daga wannan sanda zuwa waccan, ba raga a ƙasansa sai katifu, kuma matsattsiyar rigar da 'yan rawa da 'yan wasan motsa jiki ke sawa har yau sunansa take ɗauke da shi. Da aiki ya kai ni Faris na je na ga gidan da abin ya faru, wanda a lokacin ake kira Cirque Napoléon, yanzu kuma Cirque d'Hiver, gini mai kusurwa ashirin da aka buɗe a 1852, wanda har gobe ana wasa a cikinsa. Na kuma karanta cewa alkafura uku a iska kafin a cafe mutum ta daɗe tana matsayin iyakar gwaninta, har ta ci rayukan wasu da suka gwada ta, sai a Yulin 1982 Miguel Vazquez ya yi huɗu a gaban 'yan kallo a garin Tucson na Amurka, ɗan'uwansa Juan ya cafe shi. Abin da na lura da shi a wannan tarihi shi ne a kusan duk gwanayen, mai tashi da mai cafewa 'yan gida ɗaya ne, sun tashi tare suna hawa kullum, mai tashi ya san numfashin mai cafewa. Wannan ya sa na fahimci cewa jinkirin ci gabana ba laifin makarantar kaɗai ba ne, yanayin wasan ne yake neman zama wuri ɗaya.

Akwai wasu abubuwa da ya kamata mai niyya ya sani kafin ya biya. Ba a hawa da tufafi masu faɗi, zobe ko agogo, domin suna iya maƙalewa a igiya ko raga. Dogon wando mai kama jiki wanda ya rufe gwiwa shi ya fi, saboda sandar tana goge bayan gwiwa. 'Yar'uwar da ke sa ɗankwali ko hijabi za ta buƙaci irin na wasanni wanda ke zama daram a kai, kuma tun da ɗaura ɗamara da cafewa duk suna buƙatar taɓa jiki, gara ta tambaya tun farko ko akwai malamai mata a ranar da take so. Mai ciwon kafaɗa ko baya ya fara ganin likita, domin ratayewa da faɗawa raga suna jijjiga gaɓoɓi fiye da yadda ake gani daga ƙasa.

Ga wanda yake son ya ɗanɗana sau ɗaya, ina ba shi shawarar ya je ba tare da wani ɗar ba, domin darasin farko ya cancanci kuɗinsa. Wanda kuma yake son ya mai da shi abin yi na dindindin, ya duba jadawalin aikinsa kafin ya sayi tikitin rangwame, ya kuma nemi makarantar da ke da rumfa a rufe wadda ke aiki duk shekara. Ni dai na yanke shawarar in riƙa biyan darasi ɗaya ɗaya, in sayi sandar ratayewa da ake maƙalawa a ƙofa domin hannuna kada ya yi laushi a lokacin sanyi, kuma na riga na fara tambayar abokan aikina a biranen da nake yawan zuwa ko akwai irin wannan makaranta kusa da su.