Sharhi: wata huɗu da haɗa LM2596 da allon Arduino Uno

Na sayi LM2596, ƙaramar na'urar rage ƙarfin lantarki, ne bayan na kusa ƙona regiletar allon Uno, wato ƙaramar kwamfutar da nake sarrafa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da ita, kuma laifin nawa ne, domin na ɗauka cewa tunda an rubuta allon yana karɓar bolt 7 zuwa 12, to zan iya jona shi da batirin sola in rataya masa duk abin da nake so.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, regiletar da ke kan allon, wato NCP1117 ko AMS1117 da ake samu a kan kwaikwayonsa, aikinta shi ne rage lantarkin da ke shigowa zuwa bolt 5 da allon ke aiki da shi, kuma ba ta da wata dabara illa ta mayar da rarar lantarkin zafi. A takarda tana iya ba da amfiya 1, amma tun kafin a kai nan zafi ke tsayar da ita. Batirin da ake kira mai bolt 12 yakan haura 14 idan rana ta take yana caji. Da rile huɗu, wato makunnan da allon ke kunna kayan akwatin da su, kowane yana jan kusan miliamfiya 70 (miliamfiya 1,000 ne amfiya 1), ga allon nuni ga Uno ɗin kansa, mita ta nuna mini kusan miliamfiya 350. Idan aka ninka wannan da rarar bolt 9, wato 14 a cire 5, wat 3 ke nan a jikin abin da bai kai ƙwayar wake ba, wanda ba shi da inda zai sauke zafinsa sai ɗan tagullan da ke ƙarƙashinsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, yatsa ba ya iya zama a kanta, kuma da azahar takan kashe kanta, allon ya sake tashi daga farko. Ga ƙwan kaza da ke bukatar digiri 37.5 har kwana 21, wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Aikin LM2596 daban yake, domin tana kunna lantarkin tana kashewa sau 150,000 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka asarar kaɗan ce. Na saita ta a bolt 5, na ba rile wuta kai tsaye daga gare ta, shi kuma allon na shigar masa ta kafar USB domin ya ci gaba da amfana da fis ɗinsa na miliamfiya 500. Tun daga ranar allon bai sake mutuwa ba, na'urar kuma ɗumi kawai take yi.

Sai dai tana bukatar haƙuri wajen saiti. Dole a auna abin da take fitarwa da mita kafin a jona komai, kuma sukurin saitin yana cin juyi da yawa kafin lambar ta motsa, har na fara zaton matacciya aka sayar mini. Amfiya 3 da ake danganta mata kuwa sai an ƙara mata ƙarfen shan zafi, don haka ni ban taɓa ɗora mata fiye da 1 ba. Fankar akwatin mai bolt 12 na bar ta a kan batiri, rile ne kawai ke kunna ta.