Katifar iska ta majinyaci: tana kare fata, amma akwai sanyi

Duk mai jinyar wanda ba ya iya tashi ya san fargabar gyambon kwanciya, wanda yake fitowa a kwankwaso da ƙasan baya da dunduniya. Shi ya sa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba muka sayo katifar nan mai ɗan injin hura iska. Siririya ce, a kan katifar soso ake shimfiɗa ta. Injin yana cika wasu layuka yana sassauta wasu, bayan 'yan mintoci ya sauya, don kada nauyin jiki ya daɗe a wuri guda.

Ta nan kam na yaba mata. Jan da ya fara bayyana a kwankwasonsa ya baje, fatar ba ta fashe ba. Sai dai nas ɗin da take zuwa duba shi ta ja mana kunne cewa juya shi duk bayan awa biyu yana nan daram, katifa ba ta ɗauke wannan aikin.

Ƙorafina yana wajen hunturu, ga shi a Jos muke, inda sanyin Disamba da Janairu ba ya wasa. Roba ce, kuma iskar ɗakin injin yake zuƙa ya tura mata, sai ka taɓa bayan Baba da asuba ka ji shi sanyi ƙalau, alhali yana lulluɓe. Mai shagon bai ko ambaci haka ba. Ba a kuma jibga barguna a ƙarƙashinsa, domin kaurinsu yana kashe amfanin katifar. Abin da ya fisshe mu shi ne zanen gado na auduga guda ɗaya a ƙasa, rigar sanyi mai laushi, safa da hula, sannan bargo daga sama. Robar ruwan zafi ɗumama shimfiɗa kawai take yi mu cire ta, tunda ɓangaren da ya shanye ba ya jin zafi sosai, yana iya ƙonewa bai sani ba. Kaskon gawayi kuwa, duk da Inna ta so a bar shi, ba ya kwana a ɗakin, don gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa.

Injin yana ɗan gunji da dare, amma kunne ya saba. Idan aka ɗauke wuta katifar a hankali take sacewa. Ba ya cin wuta sosai, ƙaramar sola mai batir tana riƙe mana shi har safe, don haka wanda zai saya ya haɗa da kuɗin batir a lissafinsa.