Django da lissafin bashin taki: abin da ta iya da abin da ta bar mini

Ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a fadamar Argungu ta daɗe tana rubuta bashin taki da iri da injin ban ruwa a manyan littattafai. Da aka ce in mayar da lissafin cikin kwamfuta, sai na ɗauki Django, manhajar gina shafukan intanet da aka rubuta da yaren kwamfuta na Python. Ko sisi ba a biya. Tun 2005 aka sake ta ga jama'a, kuma asalinta daga ofishin wata jarida ne a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, shi ya sa ta dace da masu shigar da bayanai kullum cikin gaggawa.

Shafin gudanarwarta ne ya ja ni. Ka tsara teburin manoma da na bashi, ka yi musu rajista, sai ga fom na shigarwa da gyara da gogewa, har da wurin tantance wanda zai taɓa me. A nan kam ba ni da ƙorafi.

Sai dai Django ba ta san mutanenka ba. In ka bar ta yadda ta zo, abin da za ka gani a jeri shi ne Manomi object (1), Manomi object (2), haka har ƙasa. Baba Ma'aji ya gyara tabarau ya leƙa, ya ce, "Kai ɗana, su wane ne waɗannan? Ni mutane na ba taki, ban ba lamba ba." Maganin bai wuce layi biyu ba: ka rubuta __str__ a cikin tsarin teburin, ka faɗa mata abin da za ta nuna. Rubutun nan shi zai fito a jeri, da wurin zaɓen mai karɓar bashi, da shafin da ke tambayarka ko da gaske kake son gogewa. Na ƙarshen nan ya fi kowanne muhimmanci, don ba mai hankalin da zai danna goge a kan lamba tsirara.

Koyarwar da ake samu a intanet kan ce ka nuna suna kawai. A wajenmu suna kaɗai ba ya raba gardama. Muhammadu nawa ne a ƙauye ɗaya? Ni na haɗa suna da sunan uba da ƙauye, har da laƙabi in akwai, don wani in ba ka kira shi da laƙabinsa ba ko maƙwabcinsa ba zai gane shi ba. Da haka na Gulma ya rabu da na Alwasa. Amma akwai tarko: in ƙauyuka na teburi daban, kowane layi sai ya sake komawa rumbun bayanai ya tambayo sunan ƙauye, shafi ya yi ta jan ƙafa a tsohuwar kwamfutarmu. Sai da na sa list_select_related, saitin da ke ɗauko sunayen ƙauyukan a tambaya ɗaya, sannan shafin ya saki jiki, wurin zaɓen manomi kuma na mayar da shi autocomplete_fields, ka buga haruffa kaɗan suna ya fito.

Inda ta gajiyar da ni shi ne Hausa. Jam'i take yi da ƙara s, sai ka ga Manomis a saman shafi har sai ka gyara da verbose_name_plural. Fassarorinta sun haɗa da Ibo da Swahili, amma babu Hausa, don haka maɓallan duk Turanci ne. Fassararsu a takarda na rubuta wa Baba Ma'aji na manna gefen allo. Tana adana ɗ da ƙ da ɓ lafiya lau, amma wanda ya buga Dan a wurin bincike ba zai ga Ɗan ba, ga shi ba kowace waya ke da haruffan a kusa ba. Dole na ƙara wani gurbi mai ɗauke da sunan ba lanƙwasa, bincike ya riƙa duba can.

Ga ƙungiya ko shagon da ke da mai ɗan sanin Python a kusa, ina ba da shawararta. Wanda ba shi da kowa kuwa, ya ci gaba da littafinsa ko Excel har ya samu.