Makonni Uku da Na Yi da Etymonline a Harafin J

Ina koyar da Turanci a makarantar sakandare. A zangon da ya wuce aka ɗora mini shirya ɗalibai huɗu don gasar harhaɗa kalmomi. Jerin da aka ba mu ya zo harafi-harafi, kuma babu inda yaran suka sha wuya kamar J. Su haddace yau, gobe ta zube. Wani abokin aikina ne ya ce in gwada Etymonline, ƙamusun asalin kalmomin Turanci da wani Ba'amurke mai suna Douglas Harper ya buɗe a intanet a 2001. Kyauta ne, ba ya cin data sosai, a waya nake buɗe shi.

Kalmar da ta fara sa na yarda da shi ita ce "jejune". Turawa na faɗinta ga magana ko rubutu lami, wanda ba gishiri ba magi. Asalinta Latin ne, daga kalmar da ke nufin mai azumi, wanda cikinsa ba komai. Daga tushen nan aka sa wa wani sashe na ƙaramin hanji suna "jejunum", don likitocin da can in sun feɗe gawa sukan tarar da shi wayam. Har "déjeuner" ta Faransanci, wato abincin rana, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani, daga nan take, ma'anarta ta asali karya azumi. Na faɗa wa yaran wannan sau ɗaya tak. Har ranar gasa babu wanda ya sake tuntuɓe a kanta.

Inda na fi daɗewa shi ne kalmomin da suka biyo ta Larabci, domin yaranmu na Islamiyya sun riga sun san rabin hanya. "Jerboa", ɓeran hamada mai dogayen ƙafafun baya da ke tsalle, daga yarbu'u ne. "Julep", wani abin sha mai zaƙi da ake haɗa magani da shi a da, daga julab na Larabci ne, su kuma Larabawa sun aro shi daga Farisanci, gul fure, ab ruwa, wato ruwan wardi. Ko "jar" da kowa ya raina, jarra ce ta Larabci, tulu. Na ga yadda fuskokinsu suka sake da suka gane cewa Bature ma aro yake yi, kamar yadda muka aro littafi da alƙalami.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta "jerrycan". Ina karanta musu cewa Jerry laƙabi ne da sojojin Ingila suka yi wa Jamusawa, kuma Jamusawan ne suka ƙera wannan mazubin mai na lita 20 kafin Yaƙin Duniya na Biyu, Ingilishi suka ga ingancinsa suka kwaikwaya. Ban kai ƙarshe ba wata yarinya ta miƙe tsaye ta ce, "Malam, ai jarka ce!" Na ce ita ce fa. Ga jarkar ruwa rawaya a bakin ƙofar aji, duk suka juya suna kallonta kamar yau suka fara ganinta.

Akwai wasu da na bi da sauri. "Juggernaut", abin da ke murƙushe duk abin da ya tare masa hanya, daga Jagannath ne, abin bautar Hindu da ake ja a ƙatuwar karusa duk shekara a garin Puri na Indiya. "Jeopardy", haɗari, daga tsohon Faransanci, wasan da ya rabu biyu, ba a san maci tuwo ba. Shi kansa harafin J baƙo ne a Turanci. A bugun Baibul na Sarki James na 1611 da I aka rubuta sunayen da yanzu ke farawa da J, kuma yawancin kalmominsa na aro ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyar shafin. In asalin kalma bai tabbata ba, sai ya ce mai yiwuwa ne, ko ya kawo ra'ayi biyu ya bar ka da su. Yakan kuma ba da lokacin da aka fara ganin kalmar a rubuce.

Sai dai malami ya sani, shi mai shafin da kansa ya yi gargaɗi cewa asalin kalma daban, ma'anarta ta yau daban. Don haka ban raba shi da ƙamus na yau da kullum ba, a can muke duba lafazi da misalin jimla. Turancin bayanin ma ya ɗan yi wa ɗan aji uku nauyi, ni ke karantawa da daddare in warware musu da Hausa da safe. Yanzu mun shiga K, kuma yarinyar nan ta riga ta zo mini da "kismet", tana tambaya ko ƙisma ce ta Larabci. Ita ce, ta biyo ta Turkanci.